Kafin a tara ɗalibai a babban hutu, a fara da malamansu

A nan Amurka akwai wani shiri mai suna QuarkNet, wanda cibiyar binciken kimiyyar fiziks ta Fermilab da ke kusa da Shikago da Jami'ar Notre Dame ke cikin masu riƙe da shi. In hutu ya zo, ɗaliban sakandare kan yi makonni a jami'a suna ƙirga ƙwayoyin muon, wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, da ke zubowa daga sararin sama, malamansu kuma a koya musu Python, wani yaren ba kwamfuta umarni, su sarrafa bayanan da CERN, babbar cibiyar binciken fiziks ta Turai, ta saki ga kowa. Abin da ya fi burge ni shi ne malami ake fara ginawa, domin shi zai koma aji shekara da shekaru.

A Maradi muna da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, muna da lise masu Seri C da D, amma yara da yawa na cin BAC ba su taɓa auna komai da hannunsu ba. Wannan na damuna ƙwarai, don abin fara irin wannan shiri a wurinmu ba shi da tsada.

Ga misali, na auna g, wato ƙarfin da ƙasa ke jawo abu da shi: zare mara talewa mai tsawon mita 1, noti na ƙarfe, da agogon waya. A rataye notin a zaren, a ja gefe kaɗan, kada ya wuce digiri 10, a saki. Kai-komo 20 zai ci wajen daƙiƙa 40. Da g = 4π²L/T², inda L ke tsawon zaren, T kuma lokacin kai-komo ɗaya, ya kamata a samu kusan 9.78 a Maradi. In an samu 10.8, galibi yaron ya ce "ɗaya" a lokacin sakin notin maimakon "sifiri", sai ya ƙirga 19 a matsayin 20. In awon zaren ya tsaya a saman notin bai kai tsakiyarsa ba, santimita 1 kawai zai rage 0.1 daga amsar. A kashe fanka kuma.

Daga nan malami ya shiga. Ya sa Pydroid 3, manhajar Python ta waya, a wayarsa, ya zuba tsawo biyar da lokutansu, ya zana T² bisa L, layin ya miƙe. Tarkon da ke jiran namu malaman shi ne waƙafi: a lakkol mun saba rubuta 9,78, Python kuwa 9.78 yake ganewa, in ba haka ba ya ɗauka lambobi biyu ne. A sauke komai tun ana da intanet, a cika batir saboda ɗaukewar kuran.

Sai lokaci. Hutun Amurka ba ruwansa da gona, namu kuwa tsakiyar damina ne. Yaron Tibiri ko Madarunfa ba zai bar uba da noma a Yuli ba. A ba malamai mako ɗaya tun farko, ɗalibai kuma mako biyu a ƙarshen Agusta, bayan maimai, kafin gero ya isa girbi.