Ku daina tare mana ƙofar labari da lambar akawun

Wai ni wa ya koya wa marubutanmu na intanet cewa sai sun cika shafin farko da talla kafin labari ya fara? Ka buɗe littafi a WhatsApp ko Wattpad sai ka ci karo da godiya ga 'yan gurup, da gargaɗin ba a yarda a juya labarin nan ba, da habaici ga maƙiya, da tallar kayan mata, ga lambar akawun, ka yi ta gangarawa har yatsa ya gaji sannan ka iske wata matashiyar budurwa da ba za ta wuce shekara 18 ba tana gaban madubi. Kullum dai ita ce. In ba ita ba to ɗan mai kuɗi ne yake sharara gudu a mota.

Abin haushin shi ne kamar ba su san su wa ke karanta su ba. Akwai mai takaba, akwai mai jinya da ta kwana kan tabarma a barandar asibiti, akwai wanda ya gama bautar ƙasa tuntuni ba aiki, dare ya raba barci ya ƙi zuwa. Irin wannan mutum, tunani ɗaya ne ke ta juya masa a ka, kuma labari mai kyau shi ke janye shi, ya shiga damuwar wani ya ɗan huta da tasa, wani lokacin ma ya gane ashe ba shi kaɗai abin ya sama ba. A Ingila tun 2013 akwai tsarin da likita zai rubuta wa mai damuwa sunan littafi ya je laburare ya karɓa. Yawancin littattafan na koyon shawo kan damuwa ne, kuma ba wanda ya ce a daina zuwa asibiti, amma dai sun yarda karatu yana magani.

To mai damuwa fa ba shi da haƙurin shafi uku. In layin farko bai riƙe shi ba ya koma TikTok, shi ke nan. Kakanninmu da ba su je aji ba sun fi mu sanin wannan, ana cewa ga ta nan ga ta nanku, yara su ce ta zo mu ji ta, tsakar gida ta yi tsit, Gizo ya shigo ba wani ɓata lokaci.

Za a ce ai marubuciya ma sayen data take yi. Wa ya hana? Ta kai lambar akawun ƙarshen babi mana, wanda labari ya kama shi da kansa zai nemo ta. Masu cewa littattafan nan duk ɓata tarbiyya ne kuwa, su tuna an ƙona irin littattafan a Kano a 2007, ga su nan sun dawo cikin waya.

Ƙungiyoyin marubuta da ke ta shirya taro da ba da kambu, wallahi gara su ware zama guda a kan yadda ake buɗe labari kawai, kowa ya karanto layinsa na farko a gaban jama'a, in bai yi ba a faɗa masa a fuska.