In Ta Ƙi, Ka Kira Ni

Oga ya dawo daga wani taro a Abuja da sabon salo, wai yanzu ba mutane kaɗai ke karanta takardun bayanin manhaja ba, har da 'yan aiken AI, irin waɗanda za ka ce wa "haɗa min wannan saba (server) da waccan" su je su yi da kansu. Don haka a auna takardun kayan sadarwar gajimare (cloud, wato kwamfutocin haya ta intanet) da muke aiki da su, a ba kowa maki. Wa za a ɗora wa? Ni mana, tunda ni na taɓa furta llms.txt a gabansa don in burge shi.

Kwana huɗu na yi. Ina duba ko suna da llms.txt ɗin, fayil ɗin Markdown da Jeremy Howard ya kawo shawararsa a 2024 don ya nuna wa AI inda bayani yake, ko akwai OpenAPI, wato tsararren bayanin yadda wata manhaja za ta yi magana da tasu, ko misalan suna aiki in an kwafe su yadda suke. Na bi na AWS, na Cloudflare, na Terraform. Daren ƙarshe sai na ce bari in cike da tamu ta cikin gida, mai bayanin yadda ake haɗa VPN ɗin ofis da VPC, wato keɓaɓɓiyar hanyar sadarwarmu da ke gajimare. Ban ko buɗe ta ba. Na miƙa wa ɗan aiken, na ga ya ba ta 2 cikin 10, na yi murmushi na kwanta, don na san wanda nake zargi da rubuta ta, wani abokin aikinmu ne.

Ranar Alhamis aka kunna majigi. Oga na gaba, mai kuɗin kamfani na gefensa da carbinsa, ɗan bautar ƙasan nan yana can baya. Shi fa yaron nan tun watan azumi cajata take hannunsa. Kullum "Yaya gobe zan kawo". Na gan ta da idona a jakarsa, har ya naɗa mata baƙin salatif a wuya kamar tasa ce, wai ta soma tsinkewa. Ba ta tsinke a hannuna ba cikin shekara biyu. Ni na koya masa bambancin subnet da VPC, da biro a bayan takardar tsire.

To, na zo kan tamu, na gyara murya, na soma karanto ƙorafin ɗan aiken ɗaya bayan ɗaya, ina yi ina jan numfashi kamar mai tafsiri. Mataki na huɗu hoto ne kawai da jar kibiya, babu ko kalma. Mataki na biyar ya ce "ka sa adireshin da muka saba sawa". Na shida ya ce a buɗe ƙofa ta 22 ga 0.0.0.0/0, na tsaya na yi wa mai carbi fassara: Alhaji, wato ka cire ƙyauren gidanka ka ce duk duniya bismillah. Ya ce subhanallahi. Na ji daɗi, na ƙara wuta.

Sai layin ƙarshe: "In ta ƙi, ka kira ni." Ɗan aiken ya rubuta a ƙasa, cikin ladabi, cewa bai gane wane ne "ni" ba. Nan fa na baje. Na ce jama'a, mutum in ya karanta zai leƙa ofishin gaba ya tambaya, shi wannan bawan Allah ba shi da ƙafa, ba shi da waya, abin da ka rubuta shi ne duniyarsa. Na ce wane ne "ni"? Aljani ne? Har na juya na kalli wanda nake zargi, na ce wallahi wanda ya rubuta wannan ko rasit bai kamata a bar shi ya rubuta ba. "Ko rasit" na ce. Da hannu a sama.

Daga can baya yaron ya ce, "Yaya, bari in duba tarihin fayil ɗin."

Ba wanda ya sa shi. Ya karɓe wayar majigi ya jona a kwamfutarsa, wadda cajata ke ciyarwa a daidai wannan lokacin, ya buga git blame, umarnin da ke nuna wanda ya rubuta kowane layi. Sunana ya fito a bango, layi bayan layi, daga sama har ƙasa kamar jerin sunayen masu bashi. 2022. Ƙarfe biyu na dare. Ya kuma buɗe saƙon da na bari a kai, ya karanta da ƙarfi, a hankali: "na wucin gadi ne, gobe zan gyara."

Hannuna yana sama har lokacin. Ban san yadda ake sauke shi ba, sai na mai da shi susar ƙeya. Wanda na zarga bai ce uffan ba, shayinsa kawai ya kurɓa, kurɓa mai ƙara. Alhaji ya daina jan carbi ya ce, "To ai ga 'ni' ɗin, sai a ba na'urar lambarsa."

Oga ya ce in gyara kafin Litinin. Yau Laraba. Na cire hoton dai, ban sa komai a gurbinsa ba tukuna. Yaron kuma jiya ya ce in ara masa linzamin kwamfuta.