Kwatar Ƙofar Gidanmu Ba Ƙaddara Ce Ta Toshe Ta Ba

Samarin unguwa, ku ba ni aron kunnuwanku. Damina ta ƙarato, kuma na san abin da za mu ce idan ruwa ya shiga ɗakunan iyayenmu: "Haka Allah ya so." Gaskiya ne, ba abin da ke faruwa sai da izininsa. To amma ledar da ta toshe kwalbatin bakin layi, wa ya jefa ta?

Bara da idona na ga wata dattijuwa a layinmu, ta tattare zani zuwa gwiwa, tana kwarfe ruwa daga ɗakinta da kwanon sha, buhun masararta ya jiƙe sharkaf. Mu da muke majalisa a bakin kwatar nan kullum, mu ne muka taru muna mata jaje. Wallahi kunya ta kama ni. Tun rani yara ke juye shara a ciki muna kallo, ba wanda ya ce uffan. Wani lokacin ma mu ke aikensu.

Ruwan da ya kwanta kwana goma ya ishi sauro ya yi ƙwai, ya ƙyanƙyashe, ya tashi. Idan kuma ambaliya ta haɗa masai da rijiya, sai amai da gudawa. A 2021 cutar nan ta kashe fiye da mutum 3,000 a Najeriya, kuma Bauchi, Kano da Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Allah ya faɗa a Suratur Rum, aya ta 41, cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Da Sayyidina Umar ya ji annoba ta ɓarke a Sham, juyawa ya yi da tawagarsa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce i, daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Mun fi shi tawakkali ne?

Hukuma na da nata laifin, haka masu cike kududdufi su kafa shaguna a hanyar ruwa, kuma za mu ci gaba da faɗa musu. Amma kwatar nan tamu ce. Ranar Asabar bayan sallar Asuba, mai shebur ya fito da shi, mai manjagara ma haka, ni zan aro baro. Daga ƙofar gidan dattijuwar nan za mu fara.