Marubucin da ke tsakanin harsuna biyu: wa ya kamata a tuhuma?

A ƙarshen watan Disambar 1977 jami'an tsaron Kenya suka kama marubucin ƙasar Ngugi wa Thiong'o, suka jefa shi kurkukun Kamiti ba tare da an gurfanar da shi a gaban alƙali ba. Ya shafe fiye da shekara goma yana rubuta littattafai da Turanci, yana caccakar Turawan mulkin mallaka da 'yan ƙasar da suka gaje kujerarsu, amma babu wanda ya taɓa ɗaure shi a kan haka. Abin da ya jawo masa ɗauri shi ne wasan kwaikwayon da suka shirya da Gikuyu, harshensa na uwa, tare da manoma da leburorin ƙauyen Kamiriithu. Su suka gina dandalin da hannunsu, su kuma suka fito a wasan. Gwamnati ta gane cewa littafin Turanci ɗan jami'a ne ke karanta shi, wasan Gikuyu kuwa har mai tsinkar ganyen shayi zai koma gida yana rera waƙoƙinsa.

A cikin kurkukun ya rubuta littafin ƙagaggen labarinsa na farko da Gikuyu, a kan takardar bayan gida, domin ita kaɗai ake ba fursuna. Da littafin ya fito a 1980, shi da kansa ya ba da labarin yadda ake karanta shi da ƙarfi a mashaya da cikin motocin haya, wanda ya iya karatu na karantawa, sauran na saurare.

Labari ne mai daɗi, kuma gaskiya ne. Damuwata ita ce yadda aka mayar da shi sandar dukan duk marubucin Afirka da ya ci gaba da rubutu da harshen Turawa, kamar wanda ya sayar da mahaifarsa. Wannan hukunci ya yi tsauri, kuma ya kauce wa inda gizo ke saƙa.

Ɗauki Abdulrazak Gurnah. An haife shi a tsibirin Zanzibar, da ke cikin Tanzaniya a yau, a 1948, Suwahili ya sha a nono. Bayan juyin juya halin 1964 ya bar tsibirin yana matashi, ya sauka Ingila a matsayin ɗan gudun hijira. A can ya yi karatu, ya koyar a Jami'ar Kent, ya rubuta duk littattafansa da Turanci. Amma mai karatu zai ji kalmomin Suwahili da Larabci da ƙissoshin Alƙur'ani suna yawo cikin jumlolinsa, ba ya kuma neman afuwar Bature a kansu. Da aka ba shi kyautar Nobel a 2021, sai aka farga cewa mutanen gida da yawa ba su taɓa karanta shi ba. Littafinsa Paradise ya fito a 1994, fassararsa ta Suwahili ba ta fito ba sai 2022. Shekara ashirin da takwas kenan, a harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi, kuma harshen hukuma ne a Tanzaniya. Laifin wa? Marubuci bai hana kowa fassara shi ba. Kamfanonin ɗab'i ne ba su ga riba ba, ma'aikatun ilimi ba su nema ba, mai fassara kuma babu mai biyansa.

Shi kansa Ngugi bai tsira daga wannan ba. Tun daga 1982 gudun hijira ta raba shi da masu karatunsa, ya ƙare yana koyarwa a jami'o'in Amurka, inda ya rasu a 2025. Yakan rubuta labari da Gikuyu, sannan ya zauna ya juya shi zuwa Turanci da kansa, aiki biyu kan littafi ɗaya. Tarihin rayuwarsa ma da Turanci ya rubuta, duk da bankwanan da ya yi wa harshen a 1986. Masu cewa ya yi amai ya lashe ba su tambayi wa zai buga masa, wa zai saya ba.

Wanda na ga ya kama bakin zaren shi ne Boubacar Boris Diop na Senegal. Da Faransanci ya yi suna. Bayan ziyarar da ya kai Ruwanda a 1998 don rubutu kan kisan ƙare dangi, ya dawo da wani irin kallo ga Faransa, a 2003 kuma ya fitar da littafi da Wolof, babban harshen Senegal. Bai tsaya nan ba, bai kuma ɓata lokaci wajen zagin abokan sana'arsa ba. Ya kafa kamfanin ɗab'i na Wolof mai suna EJO, ya jagoranci fassara littattafan Mariama Ba da Aimé Césaire, marubutan da suka yi rubutu da Faransanci, zuwa Wolof, domin ɗan Dakar da bai ji Faransanci ba ya samu abin karantawa a harshensa, ko da wane harshe aka fara rubuta shi.