Lambar Jikin Buhu

(Cibiyar amsa kiran waya ta wani kamfanin taki, inda ake naɗar kowane kira a ajiye. Bakano ne oga, Bazazzagi na gaban kwamfuta. Bafulatani ya shigo da sanda a kafaɗa.)

BAFULATANI: Aradu yaronku ya zage ni a waya. Juma'a, ran kasuwar Wudil, bayan La'asar.

BAZAZZAGI: Subhanallahi! Baba, mece ce lambarka?

BAFULATANI: Ni da waya? Ta wani mai caji na ara, shi ma lambarsa a ɓoye take saboda masu bin sa bashi.

BAZAZZAGI: Shi ke nan, Oga. Ba lamba, ba magana. Baba, Allah ya huci zuciyarka, a gai da gida.

BAKANO: Zauna, bawana. Kowane kira da lamba biyu yake isowa. Akwai ANI, ta mai kira, akwai DNIS, wadda ya danna. Ta farko ana ɓoye ta, ta biyu kuwa dole ta zo, don da ita na'ura ke sanin inda za ta kai kiran. Baba, wacce ka danna?

BAFULATANI: (ya zaro guntun buhu daga aljihu) Ga ta nan, na yanko ta.

BAKANO: Madalla. Abin da ya sa ta buhu daban, ta tallan rediyo daban ke nan. Zuba ta a gurbin DNIS.

BAZAZZAGI: Na zuba. Babu komai, alhamdulillahi.

BAKANO: Alhamdulillahin me? Yaya ka rubuta?

BAZAZZAGI: Yadda take, 0800 da sauransu.

BAKANO: Kamfanin layi ba ya miƙo mana ita da sifilin gaba, 234 yake sa wa a madadinsa. Na'ura kuma ba ta da kara, ko alama ɗaya ta bambanta sai ta ce ba ta san zancen ba. Share. Sa alamar tauraro (*), mai tsayawa a madadin ko waɗanne lambobi, ka bi ta da lambobi huɗu na ƙarshe.

BAZAZZAGI: Kai! Kira 3,200. Oga, kafin mu saurare su Baba ya aurar da jikoki.

BAFULATANI: Na zo da fura, ba na sauri.

BAKANO: Tace. Zaɓi masu shigowa kawai, ranar Juma'a, ƙarfe huɗu zuwa biyar, waɗanda ANI ɗinsu fanko ne.

BAZAZZAGI: Babu ko ɗaya. Wataƙila mafarki Baba ya yi.

BAKANO: Agogon sabar, wato babbar kwamfutar da ke ajiye kiran, a kan UTC yake, agogon bai-ɗaya na duniya, mu kuma awa ɗaya muke gaba da shi. Huɗunmu ukunsa ne. Ja baya, 15:00 zuwa 16:00.

BAZAZZAGI: (murya ƙasa-ƙasa) Guda ɗaya ya fito. Daƙiƙa 40.

(Aka kunna. Muryar mace: "Domin Hausa, danna ɗaya.")

BAFULATANI: Wannan baiwar Allah ba ruwanta, mai ladabi ce. Na gaishe ta sau uku, kunya ta hana ta amsawa.

BAZAZZAGI: Ka ji, Oga? Ba zagi. A rufe fayil.

BAKANO: Guntun farko ke nan. Da ya danna ɗaya, kiran ya koma layin jiran masu Hausa, can kuma lambar cikin gida, 7001, ita ta hau gurbin DNIS. Duk neman da za ka yi da lambar buhu ba za ka ga guntu na biyu ba. Kwafi lambar shaidar kiran, ita ce ba ta canzawa komai yawan miƙa shi da aka yi. Nemo da ita.

BAZAZZAGI: Oga, ƙila ma an goge.

BAKANO: Kwana 90 muke ajiyewa kafin na'ura ta goge da kanta. Yau kwana huɗu. Me ya sa kake gumi, ga na'urar sanyi?

(Guntu na biyu, minti shida. Murya ta ce: "Riƙe layi, Baba." Sai ƙarar cokali a kwano. "Wannan tsohon ya fi shanunsa taurin kai.")

BAFULATANI: Shi ne! Har da tauna!

BAKANO: Riƙe layi aka ce, amma ba a danna maɓallin ba, makirfo a buɗe. Ga kuma gurbin sunan ma'aikaci a gefe, ko in karanto?

BAZAZZAGI: Oga, kwana 90 ɗin nan, ba a iya rage shi zuwa uku?

BAFULATANI: Riƙe min furar nan, Oga.