Fiyanon situdiyo ma kwamfuta ce a ciki

Yana damuna yadda ake cewa kiɗan manhaja na bogi ne, na fiyano kaɗai ne na gaskiya. Masu faɗin haka suna da hujjarsu: yatsun makaɗi suna ba kiɗa rai, kuma tsofaffin na'urori irin Minimoog daga wutar lantarki kai tsaye suke samar da sauti.

Sai dai fiyano irin Yamaha PSR da aka saba gani a situdiyoyin Kano, kwamfuta ce a cikinta. Sautin ganga ko sarewa da kake ji, tun a masana'anta aka naɗe shi, ita tana fito da shi ne kawai, kamar yadda manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio take yi. In ka jona fiyano da kwamfuta ta MIDI, wato hanyar da fiyano ke aika wa kwamfuta bayanin abin da makaɗi ya danna, hannun makaɗi ne dai ke kiɗan, manhaja tana ba da sautin.