Asibiti ba gidan yari ba ne

Mace ta haihu ta hanyar tiyata, likita ya sallame ta, amma mai gadi ya hana ta fita saboda ba a cika kuɗin aiki ba. An ba wata gadonta, ita tana kan tabarma a baranda da jariri a cinya. Mijin yana can yana neman mai sayen babur ɗin da yake ciyar da gidan da shi. Wallahi duk wanda ya taɓa jinya a ƙasar nan ya ga irin wannan.

Abin da ke ci min rai shi ne muna da dokoki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta haramta ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, har da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6. A watan Mayun 2022 Buhari ya sa hannu a dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa (NHIA), wadda ta wajabta inshorar lafiya, aka ce asusun tallafa wa marasa galihu da ke cikin dokar zai ɗauki talakawa miliyan 83. Duk da haka, sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita. Can gona take tafiya, da shanun huɗa, da ɗan kunnen zinarin uwargida.

Ina son ’yan majalisarmu su rubuta doka ƙarara: ba a tsare marar lafiya ko gawa saboda bashi. Mai bin kuɗi ya tafi kotu kamar kowa. A wajabta wa asibiti ya ba da takardar lissafi dalla-dalla, a ba talaka damar biya kaɗan-kaɗan ba tare da ruwa ba.

Na san masu asibiti za su ce su ma dizal suke saye, su biya albashi. Gaskiyarsu ne. Shi ya sa dole dokar ta zo da kuɗinta, ta faɗi asusun da zai biya asibiti da wa’adin biyan. Nijar ta ayyana tiyatar haihuwa da maganin yara ’yan ƙasa da shekara 5 kyauta tun wajen 2006, amma jinkirin biyan asibitoci ya bar su da tarin bashi, magani ya riƙa yankewa.

Idan ɗan majalisar mazaɓarku ya zo rabon kayan tallafi, ku karɓa, sannan ku tambaye shi inda ƙudirinsa kan wannan yake.